Launin Riyalin Malam Buba

Marjandafak, N'Djamena
Farkon Shawwal

Zuwa ga Kawu Zainulabideen,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ya Zariya, ya karatu, ya aka ji da hidimar Sallah? Mu nan kowa lafiya, sai zafin da ya ƙi sauka. Kaka Hansatu tana gaishe ka, ta ce in gaya maka ɗan da ya fi son littafi a kan uwarsa ba ya cikin masu samun tsaraba. Ƙafarta ta yi sauƙi. Idon ne dai yana nan yadda ka bar shi, in ba a rana ba ba ta rarrabe fuska.

Na cika sharaɗinka, na rubuta da hannu kuma da Hausa, zan ɗauki hoton takardar in turo maka ta waya. In ka ga kuskure ka yi haƙuri, a lise, wato sakandarenmu, Faransanci da Larabci kawai ake koya mana.

Kujerar Hajjin Kaka ta tabbata, Kawu Ummaru ya gama da takardu. Gida kullum cike da 'yan taya murna. Tun da jarrabawar bak, ta kammala sakandare, ta sa ni gaba, Khairiyya ce ke yi wa Kaka shara da wanki. Ba ka san ta ba, matar ɗan hayarmu ce, bara suka zo daga Gusau. Tana sayar da kunu da dafaffen ƙwai a ƙofar gida. Har yanzu ba ta iya Larabci ba, in ta je kasuwa da yatsa take ciniki. Kaka ta ce hannunta ya fi nawa albarka.

Kawu, ina da tambaya a kan riyalin azurfan nan na baban Kaka, wanda za ta tafi da shi Makka. Ta ba ni in kai wa baduku ya ɗinka masa sabuwar jaka mai igiya, don ta rataya a wuya. Wannan baƙi-baƙin da shuɗi-shuɗin da ke jikin irin waɗannan kuɗi, datti ne ko mene ne? Me ke kawo shi? Kuma in a ce wani tsohon kuɗi ya rasa shi, yana dawowa? Tambaya ce kawai, don na san aikinka ne.

'Yarka,
Firdausi

*

Zariya
Shawwal

'Yata Firdausi,

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Wasiƙarki ta same ni lafiya a ɗakin ajiyar kayan tarihi inda nake bincikena, kuma don daɗi sai da na karanta wa abokin aikina ita. Ki gaishe min da Inna, ki ce mata ɗanta mai littafi ba tsaraba yake so ba, addu'a yake so a gaban Ka'aba, da sunansa cikakke. Ki gaida Yaya Ummaru, da baƙuwarku Khairiyya, Allah ya saka mata.

Firdausi, na daɗe ina jiran wani a gidanmu ya yi min irin wannan tambayar! Gyara zama.

Kin san labarin, amma bari in maimaita don ki ga inda launin ya samo asali. Malam Buba ya baro ƙasar Katsina a ƙafa da niyyar Makka, guzurinsa riyalan azurfa ɗinke cikin ɗamarar fata. A Fort-Lamy, wato garinku kafin a sake masa suna, aka haifi Inna. Ya ce bari yarinya ta yi ƙwari tukuna. Daga nan sai shago, sai gida, har ajali ya same shi a nan. Riyalan duk sun tafi a hidima sai guda ɗaya. Shi ya naɗe a ƙyallen rini cikin 'yar jakar fata, ya ce wa Inna tun da saboda ita ya tsaya, ita za ta ƙarasa da shi.

To, abin da kika gani ba datti ba ne. Azurfa tana shan abin da ke kewaye da ita, iska da fata da ƙyalle da hayaƙi. A cikinsu akwai sinadari irin na farar wuta, kaɗan-kaɗan, shi ke rina ta. Da farko ta yi ruwan zuma, sai ja-ja, sai shuɗi, can da daɗewa sai baƙi, kuma a hankali wani ke shiga cikin wani. Riƙe riyalin a rana ki duba. Za ki ga baƙin a gefe, shuɗin na biye da shi, tsakiyar kuma ruwan zuma. Kumatun matar da ke jiki da gashinta sun fi haske, domin nan ne yatsu ke taɓawa. Juya bayansa, gefen mikiya, har zanen saƙar ƙyallen ya fito a kai. Wannan ne Inna ke nema duk Sallah in ta fito da shi tsakar gida. Ba ta san sunan matar ba, ba ta karanta rubutun jiki ba, launin take kallo.

Masu tara tsoffin kuɗi suna daraja wannan launi ƙwarai, shi ya sa 'yan damfara suka koyi yin na gaggawa. Mafi sauƙin hanyarsu ita ce a dafa ƙwai, a farfasa shi da zafinsa, a rufe cikin gwangwani tare da kuɗin. Tsakanin azahar da la'asar ya rine. Wasu kuma hayaƙi suke turara masa. Amma ba wuyar ganewa. Na gaggawa a saman ƙarfe yake zama, kamar mai a kan ruwa. Na shekaru kuwa sai ki ga kamar daga ciki yake fitowa. Na gaggawa ba ya bambanta tudu da kwari, kumatu da lungun harufa duk ɗaya yake shafe su. Yana yin dabbare-dabbare, nan shuɗi mai ƙyalli, gab da shi ja, ba mai shiga cikin wani. In kuma an goge kuɗin kafin a rina, za ki ga siraran layukan guga kwance a ƙarƙashin launin. Ɗalibaina nakan ce musu su sa hanci ma.

Tambayarki ta ƙarshe, ko yana dawowa. Wanda ya tafi ya tafi. Wani sabo zai fara, amma jikokinki ne za su gan shi. Saboda haka ki ja kunnen baduku kada ya ce zai yi mana gwaninta ya goge. Ki kuma ɓoye shi daga matan unguwa, kin san su da toka da lemon tsami, ba sa ganin azurfa su ƙyale.

Ki ci gaba da irin wannan tambayar. In kin gama bak, akwai wuri a wannan fanni ga mai ido irin naki.

Kawunki,
Zainulabideen

*

Zariya
Ƙarshen Shawwal

Firdausi,

Sallama da fatan kuna lafiya. Ni lafiya lau, sai dai shirunki ya dame ni. Na ga alamar kin buɗe wasiƙata, amsa ce ba ta zo ba. Na kira, wayarki a kashe. In jarrabawa ce ta riƙe ki ba komai, amma ki turo ko layi biyu.

Ga abin da ya sa na sake rubutowa. Shekaranjiya Yaya Ummaru ya turo min hoton wani riyali, gaba da baya, da tambaya guda: “Malam, me ka gani?” Kin san shi, ba ya bayani. Na duba, na kusa yin dariya, don duk abin da na rubuta miki yana jiki kamar an yi shi ne don darasi. Shuɗi mai ƙyalli a kan kumatu, dabbare-dabbare, layukan guga a ƙasa. Na amsa masa da saƙon murya, na ce wannan launin ba na shekaru ba ne, na kwanan nan ne, hannu ne ya yi shi, irin aikin 'yan damfara. Na ɗauka wani ne ya kawo masa talla a shago. Ya maido amsa da cewa, “Shi ke nan, na gode.”

Sai yau na kira Inna in gaishe ta, na ji muryarta ba daɗi. Da na tambaya, ta ce an yi mata abin da ba ta taɓa zato ba a cikin ɗakinta, ta miƙa wa wata mata wayar, aka yanke. Yaya kuma ba ya ɗagawa.

Zuciyata ba ta kwanta ba. Ba dai riyalinmu ba ne a hoton? In shi ne, ke ce idona a can. Ki ɗauke shi ki fita rana, ki duba gefensa daidai saman kan matar. Na Malam Buba yana da 'yar tsaga a wurin, inda basilla ta taɓa shi lokacin ɗinkin ɗamara. Hoton Yaya bai nuna gefen ba. Ki je wurin badukun ki tambaye shi cikin ladabi abin da ya yi. Kada ki zargi kowa tukuna, ki dai duba ki gaya min abin da kika gani, yadda na koya miki.

Ina jiran ki.

Kawunki,
Zainulabideen

*

Marjandafak
Farkon Zulƙida

Kawu,

Assalamu alaikum. Muna lafiya a jiki. Kaka tana cin abinci kaɗan. Wayata ba lalacewa ta yi ba, ni na kashe ta.

Ba sai na fita rana ba, tsagar tana nan. Riyalinmu ne. Kuma kada ka sa baduku a ciki, jakar kawai na kai masa, bai taɓa riƙe kuɗin ba.

Ranar da Kaka ta ba ni shi, na ga an jera mata kaya sababbi, farare tas, har takalmi. Na dubi riyalin baƙi ƙirin, na ce yaya za a kai wannan Ɗakin Allah a haka, matan wasu ƙasashe su ce 'yan Chadi ba su iya wanke azurfa ba. Na samo toka da lemon tsami na dirje shi har yana ɗaukar ido. Ina murna, Kawu, zan ba ta mamaki. Da yamma sai na ji tana gaya wa baƙi yadda shuɗin bayansa yake, wai ƙyallen rigar babanta ne ya zauna a jiki, in ta gan shi kamar ta ga mutumin. A nan na gane ɓarnar da na yi. Lokacin da na rubuto maka tambayar nan, na riga na goge shi.

Da amsarka ta zo, na karanta inda ka ce wanda ya tafi ya tafi, sai na koma sama inda ka yi maganar ƙwai. Na san gargaɗi kake yi, ni kuwa hanyar fita nake nema. Na ce idon Kaka ba ya gani sosai, in ya yi duhu kawai ya isa. Na sayi ƙwai masu zafi wurin Khairiyya, na ari gwangwanin madara a hannunta. Na farko bai kama ba, na sake saya washegari. Har tana min wasa, tana cewa, “Ɗalibar bak, ƙwan nan ne ke buɗe kai? A sayo wa nawa mijin.”

Na sa shi a sabuwar jaka na mayar ƙarƙashin matashin Kaka. Ran Juma'a 'yan'uwa suka zo daga unguwar Paris-Congo, ta fito da shi tsakar gida ta nuna musu. Ta juya shi a rana, ta sake juyawa, ta kai hanci. Ta ce, “Wannan ba riyalin Baba ba ne.” Aka ce mata ido ne, ta ce, “Idona ya mutu, hancina ma ya mutu?”

Kawu Ummaru ya ɗauki hoto ya turo maka. Da amsarka ta zo, ya ƙure murya ya kunna wa kowa. Kalma biyu suka riƙe, kwanan nan da 'yan damfara. Ya ce, “Kun ji masani. An sauya shi. Wa ke shiga ɗakin Inna?” Ba wanda ya dube ni, ni 'yar gida ce. Kowa ya dubi ƙofar Khairiyya.

Ta fito da tsintsiya a hannu. Ya ce ta fito da na gaskiyar kafin ya kira hukuma. Ta ce, “Wallahi Alhaji, ko taɓa jakar ban taɓa yi ba.” Ya ce, “Ku baƙin nan haka kuke, a ba ku ɗaki ku nemi gado.” Aka zazzage akwatinta a gaban mutane, har kayan jaririn da take tanadi, don tana da ciki. Ina tsaye jikin randa. Sau ɗaya ta dube ni, ta sunkuyar da kai. Ban ce komai ba.

Mijinta ya kwashe su sun koma unguwar Digel wurin wani ɗan garinsu. Kafin su tashi, in ta je famfo mata na magana da Larabci suna dariya, ita sunanta kawai take tsinta a ciki. Ba mai sayen kununta. Wata ma cewa ta yi a duba tukunyar ko da cokalin wani a ciki.

Kaka ta fara zagayen neman gafara gida-gida kamar yadda maniyyata ke yi. Ta ce kowa za ta je wa ban da mutum ɗaya, Khairiyya.

Kawu, na roƙe ka don Allah ka rufa min asiri har ta je ta dawo. In ta ji yanzu, da baƙin cikina za ta hau jirgi. In ta dawo ni da kaina zan faɗa. Ban iya kallon littafi ba, ban iya kallon ƙofar ɗakin nan da aka sa wa kwaɗo ba.

Firdausi

*

Zariya
Zulƙida

'Yata,

Wa alaikumus salam. Na gode Allah da kuke lafiya. Na karanta wasiƙarki a tsaye, sannan na nemi wuri na zauna.

Kafin in ce miki komai, bari in faɗi nawa. Na koma na karanta wasiƙarki ta farko. Yarinya ta ce “in a ce wani tsohon kuɗi ya rasa shi,” ta ƙara da “tambaya ce kawai.” Duk malamin da ya san aikinsa zai ajiye alƙalami ya kira ya ce, me ya faru? Ni daɗin an tambaye ni ne ya rufe min ido, na zuba miki lacca, har da yadda ake haɗa ƙwan. Sannan aka turo min hoton kuɗin da na girma ina gani duk Sallah, ban gane shi ba, don launin nake kallo ina jin daɗin na iya. Na yanke hukunci ban tambayi na wane ne ba. Da muryata aka zazzage akwatin baiwar Allahn nan. Tun jiya na kasa shiga aji in ce wa yara su lura da kyau.

Gugar da kika yi kuskure ne na ƙauna, kowace mace a Marjandafak za ta iya yin sa. Ƙwan tsoro ne. Shirun da kika yi a jikin randa shi ne babba, kuma har yanzu ba ki daina yin sa ba.

Abin da kika roƙa ba zan iya ba. Ki duba, Firdausi. Inna za ta tsaya a Arfa tana riƙe da wata a zuciya kan laifin da ba ta yi ba, bayan an ci mutuncinta a gidan Inna, da yawun Inna. Ita ba ta sani ba, mu mun sani. In ta dawo ta ji mun bar ta ta tafi a haka, wannan ne ba za ta yafe mana ba, ba riyali ba. Khairiyya kuma cikinta ba zai jira jirgin alhazai ya dawo ba. Kina so a yi sunan ɗanta ana nuna uwarsa da baki?

Na kira Yaya Ummaru ta wayar maƙwabcin shagonsa. Na gaya masa ban taɓa cewa an sauya kuɗi ba, launi na ce, ya duba tsagar da ke gefe. Ya duba, sannan ya ce, “To wa ya yi?” Na ce wanda ya yi zai zo da ƙafarsa. Ban faɗi sunanki ba, kuma ina so daga bakinki a ji. Amma in ranar bankwana ta zo ba a ji ba, zan kira Inna da kaina. Na gaya miki tun yanzu don kada ki ce na yi miki ba-zata.

Ki fara da Inna, ku biyu, da safe bayan ta sha shayinta. Kada ki shirya kalmomi masu daɗi, ki faɗa yadda kika faɗa min. Riyalin kuma ki bar shi haka, kada ki sake taɓa shi da komai.

Ban fasa abin da na ce game da idonki ba. Ki kunna wayarki.

Kawunki,
Zainulabideen

*

Marjandafak
Ƙarshen Zulƙida

Kawu,

Assalamu alaikum. Muna lafiya. Kaka ta tashi jiya da hantsi, sun sauka lafiya, ta kira. Ta ce in gaya maka sunanka na cikin addu'a amma a ƙarshen layi.

Na faɗa mata. Ta ajiye kofin shayi ta ce, “Maimaita.” Na maimaita. Ba ta yi kuka ba, ba ta zage ni ba, da ma ta zage ni. Ta ce, “Kina tsaye aka buɗe akwatin?” Na ce e. Ta ce, “Ɗauko min mayafina, ki tsayar da taksi.” Maganar riyali ko sau ɗaya ba ta yi ba. Yana wuyanta ta tafi Makka, da launin ƙwansa.

Kawu Ummaru ya ce shi yana da baƙi a shago. Ta ce masa, “Bakinka ya je Digel kafin ƙafata, yanzu ƙafarka za ta bi shi.” Ya shiga gaba ya zauna kamar an jiƙa shi.

Mun same ta a wani ɗaki ƙarami tana tankaɗe. Ta shimfiɗa mana tabarma, ta kawo ruwa, ta gaida Kaka har ƙasa kamar ba abin da ya faru. Kaka ta riƙe hannunta ta ce, “'Yar nan, na zo neman gafara. Ban iya hawa jirgi da hakkinki.” Khairiyya ta ce, “Hajiya, ke uwa ce, na yafe duniya da lahira.” Kawu Ummaru ya yi nasa yana kallon bango, ta ce ya wuce. Ya ce ɗakinsu na nan, su dawo. Mijinta ya ce sun gode, nan ma ya ishe su.

Sai ni. Na fara bayani, ta ɗaga hannu. Ta ce, “Na sani. Ni na wanke gwangwanin da kika mayar min, da shacin kuɗin a gindinsa.”

Na ce, “To me ya hana ki faɗa?”

Ta ce, “In faɗa wa wa? Baƙuwa ta nuna 'yar gida? Da an ce ɓarauniya ce kuma maƙaryaciya. Na dube ki, na ce yarinyar nan mai karatu ce, za ta yi magana.”

Kawu, da ƙasa ta tsage da na shige. Na ce ta yafe min. Ta ce, “Ba a ɗakin nan aka ɓata ni ba. A famfo ne, da yaren da ban ji. Ke kin iya shi.”

Ranar walimar bankwana mata suka cika tsakar gidanmu, na famfo duk suna nan, har wadda ta yi maganar cokali. Kaka ta aika aka ɗauko Khairiyya, ta zaunar da ita a kan tabarmarta. Da aka gama addu'a ta buga sandarta, ta dube ni ta ce, “Ƙawata na da magana.”

Na tashi. Na faɗa da Larabci, tun daga toka har zuwa randa. Da na zo kan ƙwai wasu suka fashe da dariya, wata ta ce, “Wai! Karatun lise ke nan?” Da na zo kan akwati dariyar ta tsaya. Mai maganar cokali ta ja mayafi ta rufe baki. Wata tsohuwa ta ce ai ita dama ba ta taɓa yarda ba, ta kusa da ita ta ce, “Ke da kika fara?”

Khairiyya na zaune tana bin fuskokinsu da ido, ba ta jin ko kalma. Da na gama zan zauna, ta ce, “Tsaya. Kin gama?”

Na ce na gama.

Ta ce, “To yanzu da Hausa, in ji ko kin rage wani abu.”

Na sake ɗaukowa daga farko, a tsaye, a gaban kowa. Na biyun ya fi wuya, don wannan karon tana ji, kuma ni take kallo. Ban rage komai ba. Da na kai ƙarshe sai ta matsa gefe a kan tabarmar, ta ce, “Zauna, ƙafarki na rawa.”

Na zauna kusa da ita. Ba ta ce ta yafe ba, ni ma ban sake tambaya ba.

Ka gaida abokin aikinka, amma wannan kada ka karanta masa.

'Yarka,
Firdausi